Ranar da Aka Yi wa Tsawa Walda

Biyan makaɗa kike tambaya? To, ni dai ban san yadda ake yi a wasu wurare ba, 'yar nan. Amma matsa wannan kwandon ki zauna a benci, in ba ki labarin maƙwabcinmu Tsawa, sai ki auna da kanki.

Tsawa shi ya raɗa wa kansa sunan. Mutanen layi in ba ya kusa Gwangwani suke ce masa, in ya matso su koma Tsawa, don ba mai son a tsare shi da bayani. Mai ganga ne a wata 'yar ƙungiya, su huɗu: mawaƙi, mai jita, mai fiyano, sai shi can baya jikin bango inda iskar fanka ba ta kaiwa. Tun yana saurayi yake tare da su, kuma da kujerar nan tasa ta mai ganga yake ci da iyalinsa. Kiɗa kam ya iya, wannan ba a ƙwace masa ba.

Abin da ke cin ransa rabo ne. In an tashi daga wasa mawaƙi ya ɗauki rabi, su ukun su raba saura. Sai ya dawo gida riga sharkaf, ya zauna a tsakar gida yana mita da ƙarfi yadda har mu ta katanga za mu ji.

"Hannu biyu nake aiki da su, ƙafa biyu. Shi baki ɗaya. Bakin ma rabin lokaci ruwan ɗumi yake sha da shi."

Matarsa tana wanke-wanke ta ce, "Ai kai ma kana da bakin, Baban yara. Mu shaida ne."

Ran nan suna gwaji a garejin da suka saba, ya ajiye sanduna ya miƙe tsaye.

"Daga yau rabo daidai, ko ku nemi mai riƙe muku waƙa."

Shi mawaƙin mutum ne mai sanyi, ba ya rabo da filas ɗinsa na ruwan ɗumi da zuma saboda murya. Ya kurɓa, ya rufe, sannan ya ce, "Tsawa, ni mutane suke zuwa ji."

"In sun tashi rawa muryarka suke takawa?"

"Ni nake yawon neman aikin. Ni ake zagi in mun makara."

"Abin da ku ukun nan kuke yi, ni kaɗai sai in yi shi. In karɓe kuɗin duka, ba rabo da kowa."

Mai jita ya yi dariya har ya sarƙe. Mawaƙi bai yi dariya ba. Ya ce, "Ranar Asabar da yamma muna da wasa a ɗakin taro. In ka zo da gangarka, kujerarka tana nan. In ba haka ba ta tashi, kada ka ce ban faɗa maka ba."

"Ku jiƙa kujerar ku sha," in ji Tsawa. Ya rungumi babbar gangarsa ya fita, ya dawo ya ɗauki takalminsa, ya sake fita.

Kafin mako ya raba ya samo aiki. Wani mai kantin kwanuka da tangaram zai buɗe sabon shago a wancan ɓangaren gari, a ranar Asabar ɗin da rana, yana son kiɗa a ƙofa don mutane su taru. Tsawa ya ce masa zai kawo cikakkiyar ƙungiya. Daga nan ya zarce wurin ƙanin matarsa, mai walda, ya tsuguna ya zana masa abin da yake so a ƙasa da tsinke.

Wani keji ne na ƙarfe da zai saka kamar riga. Babbar ganga a baya, igiya daga dunduniyarsa zuwa sandar kiɗa, yadda duk taku sai ta buga. Murfin tukunya a kowace gwiwa. Jita a ƙirji. Ƙaho a kan wani ƙarfe daidai gaban bakinsa. Ƙararrawa a hula.

Mai walda ya daɗe yana kallon zanen. Ya ce, "Yaya, in ƙaho na bakinka, da wane bakin za ka yi waƙar?"

"Wannan sirrin sana'a ne. Kai dai narka ƙarfe."

"Jitar fa, ka iya?"

"Shekara da shekaru ina zaune a bayan mai jita. Me ya rage ban gani ba?"

"Ai bayansa ka gani, Yaya."

"Da ma danginku haka kuke, ba ku da hangen nesa. Yayarka ma da na aure ta ba ta san wa ta samu ba."

"Yanzu ai ta sani," in ji mai walda, ya jawo ƙarfe.

Washegari matar ta ɗora girki ta nemi murafen manyan tukwanenta sama da ƙasa. Ta leƙa ɗaki ta ce, "Baban yara, ka ga murafena?"

"Sun samu ƙarin girma."

Ta rufe tukunya da tire. Ita mace ce mai tara magana sai ranar amfaninta.

Ranar Asabar tun da safe Tsawa ya cika cikinsa da ruwan ɗumi da zuma, kofi bayan kofi, tunda yau shi ne mawaƙi. Ya sa rigarsa mai ƙyalli ya tafi shagon walda. Aka ɗaga keji aka zura masa, aka ɗaura ganga, aka ɗaure murafe, aka rataya wata tsohuwar jita da ya aro. Da aka zo ƙulla maɓallin ƙugu, sai ya ƙi haɗuwa. Aka matsa, ya ɓalle ya faɗa kwata.

"Yaya, cikinka ya ƙaru tun ranar awo."

"Numfashin mawaƙa ne. Yi dabara, lokaci na tafiya."

"Dabara ɗaya ce, in liƙe shi da wuta. Amma fa ba ya cirewa sai ka dawo na yanke."

"Liƙe. Wa ya ce maka ina da niyyar cirewa?"

Mai walda ya jiƙa buhu ya cusa tsakanin cikinsa da ƙarfen, ya ce ya kau da kai, ya ɗana wuta. Tsawa ya tsaya ƙiƙam yana ƙaurin hayaƙi yana murmushi.

Takun farko da ya yi, ganga ta ce dum. Na biyu, dum, murafe suka ce kwas, ƙararrawa ta amsa. Kafin ya kai bakin layinmu masu shaguna sun fito, mata sun leƙo ta taga, wani mai gyaran takalmi har ya fara kaɗa kafaɗa. Tsawa ya ji daɗi, ya ƙara taku. Can sai ya tsaya cak. Ya tuna duk wannan kiɗan kyauta yake rabawa, ba wanda ya ba shi ko sisi, shi da ya bar ƙungiya saboda ƙwara.

Sai ya ware ƙafafu don kada murafe su haɗu, ya riƙa jan dunduniya a ƙasa don kada igiya ta motsa, ya sandare wuya saboda ƙararrawa. Haka ya taho a hankali kamar mai tsallake kwata da tiren ƙwai a ka.

Wata tsohuwa da ke zaune a ƙofar gida ta ce, "Sannu ɗan nan. Maruru ne ya fito maka a wurin zama?"

"Goggo, kiɗa nake adanawa."

"To Allah ya ba da lafiya."

Ya iso ƙofar gidansa ruwan zuman nan ya fara neman hanya. Ya ce bari ya kewaya kafin ya wuce. Ya sa kai, ganga ta tokare sama. Ya karkata, jita ta tokare gefe. Ya juya ya shiga da baya, ƙaho ya kama ƙyaure. Ko ta ina ya gwada sai ƙofa ta ƙi, kuma duk gwaji da irin sautinsa. Matar ta fito ta harɗe hannu tana kallon murafenta a gwiwarsa.

"Yanzu ku huɗun ne kuke jin fitsarin, ko kai kaɗai?"

"Ki kira ƙaninki ya zo ya cire ƙyauren."

"Gidan haya ne, Baban yara."

Ya dubi layi, ido ko'ina a kansa, ba lungun da mutum mai ƙararrawa a ka zai ɓuya. Ya ce babban makaɗi yana iya riƙe komai, ya juya ya nufi titi.

Tasi ta farko ta rage gudu, direba ya leƙo, ya ƙara wuta. Ta biyu ko rage gudun ba ta yi ba. Daga ƙarshe wani mai motar ɗaukar kaya ya tsaya.

"Malam, kuɗin mutum za ka biya ko kuɗin kaya?"

"Na mutum."

"To sauke kayan."

"Ba kaya ba ne, ƙungiya ce. Mawaƙi, mai jita, mai busa, mai ganga, duk ga su nan."

"Madalla. Kuɗin mutum huɗu ke nan."

Tsawa ya buɗe baki zai yi musu, ƙaho ya shige ya ce fuu. Ya biya. Aka tura shi bayan mota a tsaye, tunda zama ba ya yiwuwa, ya riƙe ƙarfe da hannu biyu. Hanyar kuwa duk ramuka. Kowane rami dum, kwas, ƙararrawa, kuma kowane rami sai ruwan zuma ya tuna masa yana nan. Haka ya ratsa gari yana rabon kiɗan da ya yi ta adanawa, masu babur suna binsa suna tafi.

Mai kanti yana tsaye a ƙofar sabon shagonsa. Ya jera tebura biyu a waje, hagu da dama, an shirya farantan tangaram da kofuna tsibi-tsibi don masu wucewa su gani. Ya dubi Tsawa, ya leƙa bayansa.

"Ina sauran?"

"Ni ne sauran."

"To, kuɗin mutum ɗaya ke nan."

"Aikin mutum huɗu zan yi maka, ranka ya daɗe."

"Ciki nawa za ka ciyar da shi?"

"Yanzun nan direba ya karɓi kuɗin mutum huɗu a hannuna."

"Shi huɗu ya gani. Ni ɗaya nake gani. Kuma ka duba mutanen da za su san ka yau, suna za ka yi. Wani ma da kuɗinsa zai nemi wannan ƙofar."

Suka yi ta ja. Tsawa yana magana yana canza ƙafa, ganga tana sa baki. Aka tsaya a kan in mutane sun shiga sun yi ciniki, mai kanti zai duba ya ƙara wani abu. Tsawa ya ce a fara kawai, don shi a lokacin ba kuɗin ne ya fi matsa masa ba.

Ya hau dandamalin ƙofa ya tsaya tsakanin teburan nan biyu. Mutane sun taru sosai, don tun daga titi wasu suka biyo shi. Yana ɗaga ido ya hango su a gaba: mawaƙi da filas ɗinsa, mai jita, mai fiyano, sun zo kallo kafin lokacin wasansu. Can gefe kuma ga matarsa, ta biyo sawun murafenta.

Ya gyara tsayuwa ya fara da ƙafa. Allah sarki, ƙafar nan ta san aikinta. Dum, kwas, dum dum, kwas, nan da nan mutane suka fara gyaɗa kai. Sai ya kai hannu kan jita. Kin san kukan kyanwa in an taka mata wutsiya? To har gara kyanwar. Mai jita ya dafe ƙirji kamar an zagi mahaifinsa. Tsawa ya ce bari ya rufe da waƙa, ya ja numfashi ya buɗe baki, ƙaho ya shige. Ya kauce hagu, ƙarfen ya biyo shi. Baiti ɗaya bai fita ba, sai fuu, fuu, da rabin kalma a tsakani.

Wani daga cikin taro ya ce, "Malam, mawaƙin naku ba shi da lafiya ne?"

Wata ta ce, "A'a, mai busar ne ya danne shi."

Ana cikin haka ruwan zuma ya ce shi fa ya gaji da jira. Tsawa ya matse gwiwa, murafe suka ce kwas. Ya ɗaga ƙafa, ya sauke, ya ɗaga ɗayar. Kiɗa ya ƙara sauri. Matasa suka shiga fili. Shi yana tsalle don neman sauƙi, su suna cewa sabon salo ne. Gumi ya rufe masa ido, amma da ya ga fili ya cika sai girman kai ya motsa. Ya ce bari ya rusuna wa mawaƙi, gaisuwar gatse, ya ga yadda ake tara mutane ba rabo.

Yana sunkuyawa ganga ta tashi ta baya ta daki teburin hagu. Farantai suka zube. Ya juya da sauri ya ga abin da ya faru, wuyan jita ya share teburin dama. Ya ja da baya, igiyar dunduniya ta naɗe masa ɗaya ƙafar, ya tafi gaba ɗaya ya faɗa rigingine a kan ganga.

Kin taɓa ganin kyankyaso ya kife? Haka ya koma. Ganga a ƙasa, shi a sama, yana lilo, ƙafafu suna harbin iska. Kuma duk harbi sai sanda ta buga, murafe su haɗu, ƙararrawa ta kaɗa. Yana ihun a taimake shi, ƙaho yana mayar da ihun busa. Waɗanda suka san kiɗa sun ce tunda Tsawa yake bai taɓa yin mai daɗin na wannan lokacin ba. Mutane suka kewaye shi suna rawa a kan fasassun tangaram, mai kanti yana zagaya su hannu a ka yana kiran sunan kowane faranti da kuɗinsa, ba mai jinsa.

Sai fatar ganga ta ce bum, ta fashe. Tsawa ya nutse ciki har kafaɗa, ƙafafu a sama, komai ya yi tsit. Abin da ya riƙe tun safe kuwa, to, ba sai na faɗa ba. Daga baya aka ce ruwan buhun walda ne ya tsiyaye. Mu ma a layi haka muke cewa in yana kusa.

Aka aika aka ɗauko mai walda da zarto. Ya tsuguna a gaban jama'a yana yanka yana cewa, "Yaya, ja numfashin mawaƙan ciki, kada in haɗa da shi." Mai kanti ya tsaya a kansu ya ce kuɗin mutum ɗayan ma ya bi tangaram, kuma albarkacin ranar buɗe shago ce ya sa ba zai kira 'yan sanda ba. Matar ta kwance murafenta, ta duba su, sun lotse, ta sa a jaka.

Da aka zare shi daga keji, Tsawa ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya ɗaura buhun a ƙugu. Ya taka wurin mawaƙi kamar jiya suka rabu lafiya.

"To, na gama da nan. Yaushe za mu fara a ɗakin taron?"

Mawaƙi ya dubi gangar da ke kwance baki buɗe. "Da wace gangar?"

"A aro."

Mai fiyano, wanda bai cika magana ba, ya sosa ƙeya. Ya ce, "Yaya Tsawa, gaskiya akwai wani maɓalli a jikin fiyanon. In an danna shi ganga yake yi da kansa. Tun da aka sayo ta yake nan, kunyarka ce ta hana mu taɓawa. Shekaranjiya muka gwada."

"Ya iya?"

"Ba ya kai ka. Amma ba ya neman rabo."

Tsawa ya dubi fasasshiyar gangarsa. Wannan ne karo na farko da aka ga bakinsa a rufe ba ƙaho a ciki. Ya dubi matarsa, ita ma ta dube shi, don dukansu sun san abin da kujerar nan take sakawa a tukunya.

Mawaƙi ya kurɓi ruwansa. Ya ce, "Amma na ga wani abu yau. Tun safe kake ɗauke da kayan mutum huɗu, bayanka ko gezau. Mai ɗaukar mana kaya ya koma tasha da aiki. Ga lasifika, ga fiyano, ba mai hawa da su bene."

"Ni? Tsawa? Dako?"

Matar ta matso. "Nawa kuke ba shi?"

Mawaƙi ya faɗa. Ta ce ya maimaita, ya maimaita. Tsawa ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa.

"Kana nufin duk shekarun nan ɗan dako ya fi ni samu?"

"Ya fi mai jita ma. Shi ba a ce masa ya yi don son sana'a. In ba a biya shi ba, a tsakiyar titi yake ajiye lasifika ya tafi."

Mai jita ya yi gyaran murya ya ce, "Aikin ba zai ɗauki mutum biyu ba?"

"Na riga ka," in ji Tsawa. Ya ce a ba shi lokaci ya je gida ya canza wando.

Har yau shi ke ɗaukar musu kaya. In kin gan shi da lasifika a ka, ki gaishe shi kawai ki wuce, don in kika tsaya sai ya gaya miki duk ƙungiyar a wuyansa take, in ya ajiye ta ba mai waƙa. Wannan karon kuma ba ƙarya ya yi ba.

Yi haƙuri 'yar nan, bari in sallami waɗancan bayin Allah da suka zo saye, tun ɗazu suke tsaye. Sannunku, me za a ba ku?